'Yar mesata ta ƙi cin abinci yau mako biyar, ina neman shawara

Ɗan Burja ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida dattawan wannan zaure da sauran 'yan uwa masu kiwo. Na san akasarin maganganunmu a nan ba su wuce tumaki da kaji da tantabaru ba, saboda haka a yi mini uzuri idan abin da na kawo ya zo wa wasu banbaraƙwai.

A farkon watan Maris wani abokina mazaunin Yamai ya ba ni 'yar mesa guda daga cikin waɗanda aka ƙyanƙyashe a gidansa. Ba irin tamu ba ce da manoma kan ci karo da ita a fadamar Gulbi. Asalinta Ostireliya ne da tsibirin Sabuwar Gini, masana suna kiranta Morelia spilota, masu kiwonta kuma suna ce mata mesar darduma saboda zanen da ke bayanta. Iyayen nata wani Bature ne ya bar masa su lokacin da zai koma ƙasarsu. Abokin nawa ya tabbatar mini cewa ta kai wata bakwai, kuma a hannunsa tana haɗiye ɗan ɓera guda kowane mako ba tare da gardama ba. Tsawonta santimita 55 ne, kaurinta kuwa bai fi ɗan yatsana manuni ba.

Tun ranar da ta iso Maradi, yau mako biyar ke nan, ba ta sa komai a bakinta ba. Iyakar sanina ban gaza mata wajen muhalli ba. Na sa mai yankan gilashi ya haɗa mata akwati mai tsawon mita guda, na shimfiɗa yashi mai laushi a ƙasansa, na ajiye kwanon ruwa, sannan na rataya ƙwan lantarki a samansa domin an ce mini macizai suna son ɗumi. Akwatin yana falo, kusa da tagar da ke kallon yamma. Kullum da la'asar nakan fito da ita ta yi yawo a hannuna don ta saba da ni, yaran gida da na maƙwabta kuma sukan taru su yi kallo, wasu har su ɗauki hoto.

Abokina ya haɗo ni da 'yan fararen ɓeraye daskararru guda shida. Na gwada biyu a kwanakin farko ta ƙi kulawa, sauran huɗun kuma suka narke a firji lokacin da wuta ta ɗauke mana kwana biyu, na zubar. Daga nan na shiga gwaje-gwaje. Na kama ɓeran gida da rai a ɗakin ajiyar hatsinmu na jefa mata, ta dunƙule a lungu ta cusa kanta ƙarƙashin jikinta har na cire shi. Na ba ta ƙafar ɗan tsako, na ba ta yankan jan nama, mahaifiyata ma ta sa na ajiye mata madara a murfin kwalba. Kusan kowace rana sai na miƙa mata wani abu. Wani lokaci takan kai sara, amma nan take ta saki ta ja da baya. Da rana yawanci tana kwance cikin kwanon ruwa, da dare kuma tana bin bangon gilashin tana goga hancinta a kusurwa.

Abin ya fara damuna ƙwarai, domin dabbar da mutum ya tsare, alhakin cinta da shanta a wuyansa yake, kuma ba wanda bai san hadisin matar da ta kulle kyanwa ba. Shin akwai wanda ya taɓa kiwon irin wannan mesa? Har tsawon wane lokaci za ta iya jure yunwa, kuma me ya kamata in ba ta?

Mai Salwa ya amsa:

Wa alaikumus salam, Ɗan Burja. Ni dai salwa da zabi nake kiwo, ban taɓa ajiye maciji ba kuma ba ni da niyya, amma na taso a unguwar da wani gardi yake zaune, na kuma ga yadda yake yi da nasa. Idan mesa ta ƙi ci, ɗanyen ƙwai yake fasawa ya kaɗa, ya buɗe mata baki da tsinke ya ɗura mata. A yau da ake da sirinji, aikin ma ya fi sauƙi. Shawarata ita ce ka yi haka kafin ta galabaita, domin mako biyar ba kwana biyar ba ne, ɗan tsako ma in ya yi 'yan kwanaki bai ci ba sai gawa. In kuma kana jin tsoron ɗurar, ka kamo mata ƙaramin ƙadangare ko tsaka, ai a daji su za ta ci.

Abu guda da nake so ka tabbatar mana, tun da ka ambaci yara. Na taɓa jin cewa Turawa suna danganta kububuwa ma da darduma wajen suna. Ka tabbata abin da aka ba ka ba dangin kububuwa ba ne?

Malam Na-Tibiri ya amsa:

Ƙanena Ɗan Burja, sannu da ƙoƙari. Na kiwata irin wannan mesa tsawon shekaru shida lokacin da nake karatu a Faransa, har na taɓa rainon 'ya'ya goma sha huɗu daga ƙwai, saboda haka abin da ka bayyana ba baƙo ba ne a wurina. Bari in fara kwantar wa Mai Salwa da hankali. Gaskiya ne sunayen biyu sun yi kama a bakin Turawa, amma iyakar dangantakar ke nan. Kububuwa dafi ne da ita mai hana jini daskarewa, ita kuwa mesar darduma ba ta da dafi ko kaɗan, naɗewa take yi ta matse abin da ta kama. Ƙananan irinta sun yi suna wajen saurin kai sara, amma saran bai wuce sukar ƙaya ba, a wanke da sabulu shi ke nan.

Yanzu ga maganar da ba za ta yi maka daɗi ba, sai ka yi haƙuri da ni: matsalar ba ta abinci ba ce. Mesar da ta yi wata bakwai tana ci a Yamai ba ta manta yadda ake ci a hanyar Dogonduci ba. Abubuwa biyu ne suka rufe mata baki, zafi da tsoro, kuma duka biyun daga akwatin nan naka suka fito.

Ka ce an gaya maka macizai suna son ɗumi. Wanda ya faɗi haka yana magana ne a kan ɗakin da ke Turai, inda sai an kunna na'ura kafin a sami digiri 20. Abin da wannan mesa take bukata shi ne gefe guda na mazauninta ya kasance wajen digiri 31 zuwa 33 a ma'aunin Salsiyos, ɗaya gefen kuma wajen 24 zuwa 27, domin ita ba ta iya daidaita zafin jikinta da kanta, sai dai ta matsa inda ya dace da ita. Mu kuwa muna cikin Afrilu a Maradi, inda zafin inuwa ma yakan haura 40. Ka ɗauki akwatin gilashi, ka ajiye shi a tagar yamma inda ranar la'asar ke dukansa, ka kuma ƙara masa ƙwan lantarki, ai tanda ka gina mata ba ɗaki ba. Kwanciyar da take yi cikin ruwa neman tsira ne. Sanyi kaɗan yakan sa maciji ya yi kasala, amma zafin da ya wuce kima yana iya kashe shi cikin sa'o'i, kuma ko ta ci a irin wannan yanayi, mai yiwuwa ne ta amayar. Kafin ka gama karanta wannan amsa, ka tashi ka kashe ƙwan nan ka janye akwatin daga taga. Gobe kuma ka nemi ma'aunin zafi mai lambobi, ka sa shi a ƙasan mazaunin inda cikinta yake taɓawa, ka duba da asuba da azahar da la'asar ka rubuta. Tafin hannu ba ma'auni ba ne, musamman namu da ya saba da bazara.

Akwai wani abu kuma game da zafin da mutane ba su cika lura da shi ba. Idan ka dubi leɓenta da kyau, musamman na ƙasa, za ka ga wasu 'yan ramuka a jere. Da su take jin ɗumin jikin dabba a cikin duhu, kuma abin da suke ganewa shi ne bambanci tsakanin ɗumin abin farauta da na wurin da ke kewaye da shi. Idan bango da yashi da iska duk sun kai 39, ɗan ɓeran da ka miƙa mata bai fita dabam da komai ba, ya ɓace mata kamar farar akuya a cikin hazo.

Sai batun tsoro. A dajin ƙasarsu, mesa mai kaurin yatsa abinci ce ga shaho da guza da manyan macizai, saboda haka rayuwarta duka a ɓoye take yi, cikin kogon itace ko ƙarƙashin ɓawo ko tsakanin rassa, sai dare ya yi ta fito. Akwatin mita guda mai gilashi ta kowane gefe, babu maɓoya, ga fuskokin yara, ga hannu yana saukowa daga sama kullum la'asar kamar yadda shaho yake saukowa, a wurinta fili ne tsirara. Saran da take kaiwa ta saki, na kare kai ne ba na ci ba. Saran ci dabam yake: takan kama ta naɗe nan take ba ta saki. Gogar hancin da take yi da dare kuma hanyar gudu take nema, in ba a yi hankali ba sai ta ji ciwo a baki.

Ga abin da zan yi da ni ne. Ka sayi robar ajiye abinci mai murfi mai kamawa, wadda ba ta fi kwalin takalmi girma sosai ba, ka huda ƙananan ramuka a gefunanta da ƙusa mai zafi. Ka tabbata murfin yana kullewa tsam, domin waɗannan 'yan ƙanana suna fita ta inda ba ka zata ba. Ka bar yashin nan, yana manne wa abinci yana shiga baki, ka shimfiɗa farar takarda. Ka kife ƙananan ƙoƙuna biyu, ɗaya a kowane gefe, ka fasa wa kowanne 'yar ƙofa, kuma su zama masu matsi yadda in ta shiga bayanta zai taɓa rufin, don matsin ne yake ba ta natsuwa. Ka gitta sanda mai kaurin jikinta daga bango zuwa bango, saboda irin wannan mesa mai hawa ce, kuma da yawa daga cikin ƙananan ba sa yarda su kama abinci sai suna kan reshe suna kallon ƙasa. Sai ƙaramin kwanon ruwa mai nauyi da ba zai kife ba.

Robar kuma ka kai ta ɗakin da ya fi kowane sanyi a gidanku. In akwai tsohon ɗakin ƙasa, ya fi na siminti mai rufin kwano nesa ba kusa ba. Ka ajiye ta a ƙasa, gefe guda yana jingine da randa mai ruwa, ka yafa jiƙaƙƙen buhun algarara a kan wannan gefen ba tare da toshe ramukan iska ba. Raɓar randa za ta ba ka gefen sanyin da kake nema, ta kuma ɗan ƙara laima, wadda ita ma tana da muhimmanci, tun da mesar tana son laimar iska wajen kashi 50 zuwa 60 cikin 100, iskar bazararmu kuwa kafin saukar damina busasshiya ce ƙarau. Sai lokacin hunturu, a Disamba da Janairu, za ka bukaci abin ɗumama gefe guda, shi ma da ma'auni.

Bayan haka ka ƙyale ta kwana bakwai zuwa goma. Kada ka ɗauke ta, kada ka miƙa mata komai, kada a leƙa ta sai wajen canza ruwa. Na san wannan ne zai fi yi maka wuya, amma miƙa abinci kullum da kake yi yana koya mata ƙin abinci ne kawai.

Ranar gwaji, ka bari sai bayan sallar isha'i, ɗaki ya yi duhu ya ɗan huce. Ka sami farin ɓera na kiwo wanda gashi ya fara fito masa, mai kwana bakwai zuwa goma, wanda kaurinsa ya yi daidai da inda jikinta ya fi kauri ko ya ɗara kaɗan. Na lura sun fi kula irin wannan a kan jajayen jarirai marasa gashi. In daskararre ne, ka narkar da shi sarai har cikinsa ya yi laushi, sannan ka sa shi a leda ka tsoma cikin ruwa mai ɗumi sosai, ba tafasasshe ba, har kansa ya yi ɗumi kamar na mai rai. Ka riƙe shi da dogon hantsaki ta ƙugu, ba da yatsu ba, ka kawo shi a hankali daga ƙasa ko daga gefe, kana ɗan girgiza shi kamar taƙi guda daga hancinta. Ka lura da harshenta: in ya fara fita da sauri-sauri, wuyanta ya lanƙwashe, to ta ji. Idan ta kama ta naɗe, ka ɗan ja kaɗan don ta ƙara matsewa, ka saki, sannan ka daskare a inda kake, kada ka motsa har ta fara haɗiya. Na yi asarar ciyarwa da yawa saboda gaggawar rufe murfi. In ba ta kama ba cikin 'yan mintuna, ka ajiye shi a ƙofar ƙoƙon ka tafi, da asuba ka duba, in yana nan ka zubar, ka jira kwana biyar zuwa bakwai kafin ka sake.

Sai an yi haka sau biyu ko uku ba a dace ba ake shiga dabaru, kamar huda kan mataccen ɓeran da allura don warin ƙwaƙwalwa ya fito, ko goga masa gashin ɗan tsako ko na salwa. Cikin goma sha huɗun da na raina akwai ɗaya da ta yi mako goma tana kallona, ranar da na manna wa ɓeran gashin tsako biyu a ka, kafin in gama buɗe murfi ta ɗauke shi.

Likitar Dabbobi ta amsa:

Assalamu alaikum. Malam Na-Tibiri ya gama magana a kan muhalli, ba ni da abin ƙarawa. Zan tsaya ne a kan lafiya, kuma da izinin Malam Mai Salwa zan saɓa masa a kan ɗura.

Kwatanta maciji da ɗan tsako shi ne tushen kuskuren. Tsuntsu yana ƙona abinci dare da rana don ya riƙe zafin jikinsa, maciji kuwa ba ya yin wannan aiki, shi ya sa abin da yake kashewa kaɗan ne ƙwarai. 'Yar mesa mai wata bakwai da ta saba ci, idan tana shan ruwa kuma zafi bai gasa ta ba, mako biyar ko takwas ba za su kai ta kabari ba. Ɗura kuwa tana iya kai ta. Ƙofar maƙogwaron numfashin maciji a ƙasan bakinsa take, can gaba, kusa da inda harshe ke fitowa, kuma wanda bai sani ba yana iya zuba ƙwai kai tsaye cikin huhu. Haƙoransu sirara ne masu saurin karyewa, tsinke kuma yana yi wa dasashi rauni, daga nan sai ruɓewar baki. Ko an yi sa'a ba a ji mata ciwo ba, an ƙara mata tsoron da shi ne ya hana ta ci tun farko. Akwai lokacin da ake taimaka wa maciji da sa masa abinci a baki, amma mataki ne na ƙarshe, kuma aikin wanda ya iya ne.

Abin da zai gaya maka ko lokacin ya yi, sikeli ne ba ƙirgen kwanaki ba. Kafin ka sa ta a sabuwar robar, ka auna ta a ƙaramin sikeli mai nuna giram, irin na masu sayar da zinariya, ka rubuta, ka riƙa maimaitawa bayan kowane mako biyu. Idan ta rasa abin da ya kai kashi 10 cikin 100 na nauyinta, ko ƙashin bayanta ya fito jikin ya zama kamar kusurwa uku maimakon zagaye, ko fatar ta yi tamoji, ko ta kasa riƙe yatsanka da ƙarfi, to a nan sai a kawo ta a duba.

A wannan ɗauka guda ɗin, ka duba abubuwa kaɗan. Kwanciya cikin ruwa alamar zafi ce, amma alama ce kuma ta wasu ƙananan ƙwari masu shan jinin macizai, baƙaƙe kamar ƙwayar barkonon da aka niƙa, waɗanda ake gani a gefen ido, ƙarƙashin haɓa, ko suna yawo a kan ruwan kwano. Farar takardar da Malam ya ambata za ta tona su. In ka gan su, don Allah kada ka kusanto da fiya-fiya ko wani maganin feshi, zai kashe ta kafin ya kashe su. Haka ma maganin sauro na kunnawa da turaren wuta, a nisanta su da ɗakin da take. Ka saurari numfashinta: buɗe baki, kumfa ko majina, ko ƙara kamar fito, duk alamun ciwon huhu ne. Ka dubi idanunta kuma, in sun yi fari-fari kamar an shafa musu madara, launin jikin ya dushe, to saɓa za ta yi, kuma yawancinsu ba sa ci sai sun gama, abin da kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu.

Game da abincin da ka gwada, madara ba abincin maciji ba ce sam, cikinsa ba ya sarrafa ta. Yankan nama kuma ko ta ci bai wadatar ba, domin daga ƙashi da hanta da sauran kayan ciki take samun sinadaran gina ƙashinta, sai dabba sukutum. Ɓeran gida ka bar shi har abada. Mai rai yana iya cizonta ya yi mata mummunan rauni, yana iya kasancewa ya ci guba a gidan maƙwabta, yana ɗauke da tsutsotsi, kai kanka ma kamun ɓerayen rumbu da hannu ba abin wasa ba ne, tun da wani nau'insu ne yake yaɗa zazzaɓin Lassa da ke ɓulla a Najeriya. Batun ƙadangare da tsaka, Malam Mai Salwa yana da gaskiya cewa ƙananan wannan mesa a daji da ƙananan ƙadangaru suke fara rayuwa. Tsaka ma ba ta da dafin da ake jingina mata. Illar ita ce na daji cike suke da tsutsar ciki, kuma mesar da ta ɗanɗana su tana iya ƙin komawa ɓera. In ta kama dole, a goga wa ɓeran saɓar tsaka don wari kawai.

Abu biyu na ƙarshe. Macizai sukan ɗauki ƙwayar Salmonella ba tare da sun nuna ciwo ba, saboda haka a wanke hannu da sabulu bayan taɓa ta ko kwanonta, ƙananan yara kuma a raba su da ita. Sannan dukkan nau'o'in mesa suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji, wadda Nijar take ciki, Ostireliya kuma ba ta yarda a fitar da nata da rai don kasuwanci ba, shi ya sa waɗanda ke hannun mutane a waje yawanci haifaffun gidan kiwo ne. Ka nemi abokinka ya ba ka kwafin takardun iyayenta, ka kuma je ka sanar da ma'aikatan gandun daji, kada wata rana a ɗauka daga daji ka kamo ta.

Mai Salwa ya sake amsawa:

Likita, na karɓi gyara a kan ɗura, ko da yake har yanzu ina ganin macizan gardin nan sun daɗe a duniya. Ɗan Burja, idan ana bukatar gashin salwa ko ɗan salwa mai kwana ɗaya, injina yana fasa ƙwai kowane mako, ka aiko yaro ya karɓa kyauta, da sharaɗin kada ka zo mini da ita gida.

Ɗan Burja ya dawo:

Ina godiya ga Malam Na-Tibiri da Likita da Malam Mai Salwa, Allah ya saka da alheri. Na yi shiru kwana goma sha takwas ne don in zo da labari cikakke.

A daren da na karanta amsoshinku na kashe ƙwan. Washegari na sayo ma'auni, kuma don in san abin da na aikata, sai na sa shi cikin tsohon akwatin bayan na fitar da ita, na mayar da shi tagar na kunna ƙwan kamar da. Da ƙarfe huɗu na yamma ya nuna 44. Na daɗe ina kallon lambar nan. A ɗakin ƙasa na kakarmu, kusa da randa, gefen buhu yana tsayawa tsakanin 28 da 29 da rana, ɗaya gefen kuma 33, da asuba duka su sauka kaɗan. Ban kai ga 25 ba, iyakar abin da na iya samu ke nan. Nauyinta giram 46 ne, ban ga ƙwari ba, numfashinta kuma shiru.

Kwana uku na farko ba ta fito daga ƙoƙo ba. A rana ta huɗu da na zo canza ruwa na ga idanunta sun yi fari, a ta goma sha ɗaya kuma na tarar da saɓa a naɗe jikin sandar, guda ɗaya tun daga kai har wutsiya, har da murfin idanu biyu. Na ƙara mata kwana biyu. A tsakanin nan wani ɗalibi ya haɗa ni da mai kiwon fararen ɓeraye, na sayi mace biyu da namiji ɗaya da 'ya'ya biyar masu sabon gashi a kan jika uku.

Gwajin farko ta fito da harshe, ta matso, sannan ƙanena ya turo ƙofa da fitila a hannu, ta koma ƙoƙo. Na bar mata shi a ƙofa, da asuba na tarar da shi yadda na bar shi. Na jira kwana biyar. Jiya bayan isha'i na kulle ƙofa ta ciki, na rufe fitilar waya da jan ƙyalle, na tarar da ita a kan sanda ta saƙalo kai ƙasa. Na manna wa ɓeran gashin salwa ɗaya a ka, na kawo shi ta ƙasa. Ban ma ga saran ba, sai dai na ji hantsakin ya yi nauyi, ta naɗe shi tana rataye da wutsiya. Na tsuguna a wurin ban motsa ba har ƙafata ta mutu, ina kallo tana laluben hancinsa, ta fara daga kai, wajen minti ashirin kafin wutsiyar ta shige. Yau da safe tana cikin ƙoƙon gefen ɗumi, ana ganin ɗan kumburin a tsakiyarta. Malam, yaushe zan sake ba ta, kuma yaushe zan iya ɗaukarta?

Malam Na-Tibiri ya amsa:

Madalla, ƙanena. Kada ka taɓa ta ko robar tsawon kwana biyu cur, domin in ta amayar sai ka jira mako biyu kafin ka sake gwadawa, kuma amai ya fi ƙin ci illa. Bayan kwana bakwai ka ba ta irin wannan girman, a irin wannan lokacin, amma ka gwada ba tare da gashin salwa ba, kada ta mayar da shi sharaɗi. Ɗauka kuwa sai ta ci sau huɗu ko biyar a jere, sannan ka fara da minti biyar, ba ranar ciyarwa ba. Digiri 28 a gefen sanyi ya ɗan yi sama amma za ta jure, sai dai Mayu na tafe, ka riƙa jiƙa buhun sau biyu a rana kana duba ma'aunin da la'asar. Su ma ɓerayen zafi yana kashe su, ka kai kejinsu ɗakin randar, can nesa da robar yadda warinsu ba zai dame ta ba. Cikin macen kwana 19 zuwa 21 ne, saboda haka ka raba namijin da ɗaya daga cikin matan tun yanzu, in ba haka ba kafin damina za ka rasa inda za ka sa su.